Kakar Wasan Echegini a Jami'a, da Filin da 'Yan Matan Daura ke Jira

  Sharhinmu na yau a kan ƙwallon ƙafa yake, ta mata, kuma matan da ke karatu a jami'a. Na san akwai dattijon da ya riga ya kai hannu zai murɗa akwatin rediyo. Baba, a yi haƙuri a ba ni aron kunne, domin maganar ta shafi jikokinka da ke makaranta.

Ranar Asabar 26 ga Yulin 2025, kwana 11 bayan an binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa da ke nan Daura, gari bai gama sallamar baƙin ta'aziyya ba, ƙungiyar mata ta Najeriya, Super Falcons, ta shiga fili a birnin Rabat domin wasan ƙarshe na kofin Afirka da masu masaukin baƙi, Maroko. Kafin minti na 25 an zura mana biyu, ɗaya daga Ghizlane Chebbak, ɗaya daga Sanaa Mssoudy. Haka aka tafi hutun rabin lokaci, masu kallo da yawa sun fid da rai. Da aka dawo sai Esther Okoronkwo ta farke ɗaya da bugun fenariti, ta kuma miƙa wa Folashade Ijamilusi ta farke ta biyu. Saura minti 2 lokaci ya cika, Okoronkwo ta ɗaga bugun tazara, Jennifer Echegini ta sa ƙafa, ƙwallo ta kwanta a raga. Uku da biyu, Najeriya ta ɗauki kofin karo na 10.

An yi murna, an karɓe su a fadar shugaban ƙasa, an ba su lambar girma da kuɗi da gidaje, kuma sun cancanta. Abin da ba mu tsaya mun duba ba shi ne inda waɗannan yara suka goge. Okoronkwo, wadda ta ci ɗaya ta kuma bayar aka ci biyu, ta buga wa Jami'ar Lamar da ke jihar Texas a Amurka. Michelle Alozie, wadda ƙwallonta ta fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe ana daf da tashi, ta yi digirinta a fannin kimiyyar halittu a Jami'ar Yale tana buga wa makarantar wasa, ta ƙarasa a Jami'ar Tennessee, daga baya ta haɗa ƙwallo da aikin binciken cutar daji a wani asibitin yara a Houston. Ashleigh Plumptre da ke tsaron baya ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka a 2016 da Jami'ar Kudancin California. Abin ma ba sabo ba ne, domin bayan gasar duniya ta 1999 Mercy Akide da Florence Omagbemi kwalejin Milligan suka nufa a Tennessee, suna karatu suna taka leda.

Amma labarin Echegini nake so mu bi daki-daki, domin kakar wasanta ta ƙarshe a jami'a ta isa a tsaya a kanta.

An haife ta a ƙasar Holan, ta tashi a Landan, ta fara karatu a Jami'ar Mississippi State, sannan a 2022 ta koma Florida State da ke garin Tallahassee. A damunar 2023 tana Ostireliya da Super Falcons a gasar cin kofin duniya, wadda Ingila ta fitar da mu a bugun fenariti. Tana dawowa ta tarar an buɗe makaranta, kakar wasa ma ta kama, domin can ana fara ta a watan Agusta a rufe a farkon Disamba. Mai horar da su, Brian Pensky, yana shekararsa ta biyu ke nan a makarantar, kuma shi ne ya horar da Alozie tun yana Tennessee.

Wasa 23 ƙungiyar ta buga a wannan kaka. Ta ci 22, ta yi kunnen doki sau ɗaya, uku da uku, da North Carolina, makarantar da ta fi kowa yawan kofuna a tarihin gasar. Ba wanda ya doke su. Sun ƙare a saman teburin rukuninsu na gabashin ƙasar, rukunin da ake kira ACC, wanda masana ke gani ya fi kowanne tsauri, sannan suka ɗauki kofin rukunin bayan sun doke Clemson biyu da ɗaya. Daga nan aka shiga babbar gasar ƙasa ta sili ɗaya ƙwale, inda makarantu 64 ke shiga, kuma sai ka ci wasa 6 a jere kafin ka taɓa kofi. Duk abin da ƙungiya ta tara tun Agusta, minti 90 na rana ɗaya ya isa ya rushe shi.

Sun fara da Morehead State suka ba ta biyar da nema. Texas A&M ce ta fi ba su wuya, da kyar suka sha da ɗaya mai ban haushi. Suka casa Texas biyar ba ko ɗaya. Wasan daf da na kusa da na ƙarshe shi ne ya fi ba ɗan Najeriya sha'awa, domin Pittsburgh suka haɗu da ita, kuma kocin Pittsburgh a lokacin shi ne Randy Waldrum, wato mutumin da ya jagoranci Super Falcons a Ostireliya wata huɗu kafin nan, sannan a tawagarsa akwai Deborah Abiodun, 'yar wasan tsakiyarmu. Malami da ɗalibarsa suka tsaya a ɓangarori biyu, Florida State ta ci uku da nema. A wasan kusa da na ƙarshe ta sake haɗuwa da Clemson ta ci biyu ba ko ɗaya.

Wasan ƙarshe an yi shi ranar Litinin 4 ga Disamba a garin Cary na jihar North Carolina, da Jami'ar Stanford. Ita ma Stanford ba a doke ta ba a kakar, kuma ƙwallo 10 kacal aka zura mata tun daga farko. Ana ganin wasa ne da ƙwallo ɗaya za ta raba gardama. Sai ga shi wajen minti na 30 Jordynn Dudley, yarinya 'yar aji ɗaya, ta ci fenariti, kafin minti ɗaya ya zagayo Jody Brown 'yar Jamaika ta ƙara. Stanford ta farke ɗaya bayan hutu, kuma wannan ce kaɗai ƙwallon da aka zura wa Florida State a wasa shidan nan, ita kuwa ta zura 21. Beata Olsson 'yar Suwidin ta ci ta uku, Brown ta sake ci, Echegini ta rufe da ta biyar. Biyar da ɗaya. Makarantar ta ɗauki kofinta na huɗu bayan na 2014 da 2018 da 2021, aka ba Echegini lambar MAC Hermann ta wadda ta fi kowa fice a ƙwallon jami'o'i a shekarar. Wata guda bayan nan Juventus ta ɗauke ta, daga can ta wuce Paris Saint-Germain.

To, jama'a, yarinyar da ta tsaya a gaban raga a Rabat a minti na 88, fili cike da magoya bayan Maroko, zuciyarta ba ta karaya ba, ta riga ta saba da irin wannan rana. Ta buga wasan da in an sha kashi an koma gida sau da dama tana ɗaliba. Natsuwar da muka gani, mako bayan mako aka tara ta.

Yaya aka yi makaranta ta zama wurin renon 'yan wasa haka? A 1972 Amurka ta yi wata doka da ake kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin ɗalibi namiji da mace a abin da take bayarwa, har da wasanni. Shekara 10 bayan nan, a 1982, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara gasar ƙwallon mata. Ana ba 'yar wasa tallafin karatu, amma da sharaɗi. Idan makinta na aji ya faɗi, ba za ta sa riga ba, komai gwanintarta. An ƙayyade sa'o'in atisaye da wasa kada su wuce 20 a mako, da ranar hutu guda dole. Kaka huɗu take da ita, ta gama ta ba na baya wuri. Yawancin yaran nan ba sa zama ƙwararrun 'yan ƙwallo. Likitoci suke zama da lauyoyi da malaman makaranta, su fita da digiri da lafiyar jiki da sanin yadda ake aiki da mutane.

Ban ce mu kwafi Amurka ba. Kuɗin da suke zubawa ba mu da shi, kuma akwai abubuwa a rayuwar makarantunsu da ba ma so a namu. Abu ɗaya nake so mu ɗauka, wanda ba ya buƙatar dala: jadawali. A san ranar farawa, a san wa zai kara da wa kowane mako, a rubuta maki, a yi zagayen ƙarshe, a ba da kofi, baɗi a sake.

Mu a nan me muke da shi? Akwai wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, da aka fara a Ibadan a 1966, akwai makamantansu na foliteknik da na kwalejojin ilimi. Taro ne na 'yan kwanaki, kuma ba ya zuwa a kan kari. Bayan wanda aka yi a Makurɗi a 2017, sai 2022 aka sake haɗuwa a Jami'ar Legas. Shekara biyar ke nan. Yarinya za ta iya shiga jami'a ta gama ta tafi bautar ƙasa ba a yi ko ɗaya ba. In kuma lokacin ya zo, saura mako biyu a tara yara a ce su yi atisaye, a kai su gaban makarantun da suka shekara suna wasa, a zazzaga masu ƙwallaye, a dawo a ce ai dama matan Arewa ba su iya ba. Manomin da bai yi huɗa ba, bai yi noman fari ba, bai yi maimai ba, ya ɗauki lauje ranar girbi, bai kamata ya zagi ƙasa ba.

Abin da ke ƙara ci mini rai shi ne, mutanenmu ne ke riƙe da ragamar. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Ibrahim Musa Gusau, ɗan Zamfara ne. Kocin da ya ciyo kofin nan, Justine Madugu, ɗan Adamawa ne. Akwai Nasarawa Amazons a Lafiya da Adamawa Queens a Yola suna buga gasar mata ta ƙasa. Amma a ɗauko jerin sunayen da suka je Maroko, a nemo wadda ta tashi a Katsina ko Kano ko Sakkwato, za a sha wuya.

Yanzu in juyo ga iyayena da malamaina, domin na san abin da ke ransu, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Uba na cewa: 'yata za ta sa gajeren wando ta yi gudu a gaban maza? Uwa na cewa: wa zai raka ta wani gari, ina za ta kwana, me dangin mijin da za ta aura za su ce? Waɗannan tambayoyi ne na mutanen da ke son 'ya'yansu, kuma duk wanda ya raina su ba zai taɓa kafa ƙungiyar mata a ƙasar Daura ba. Ni ma ba zan goyi bayan a fito da 'ya'yanmu cikin shigar da addininmu da kunyarmu ba su yarda da ita ba. Sai dai kowace tambaya a cikinsu tana da amsar da za a iya aikatawa.

Batun sutura, tun 2014 masu tsara dokokin ƙwallo na duniya suka halatta rufe kai a fili. Dogon wando da riga mai dogon hannu babu dokar da ta hana. Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabinta, ita ce ta farko da ta yi haka a babbar gasar, kuma tana cikin fili a daren Rabat tana tare 'yan gabanmu. Saudiyya ta buɗe gasar lig ta mata a 2022, har Plumptre ɗinmu ta koma Al-Ittihad ta Jidda. Ban kawo Saudiyya don ta zama fatawa ba, fatawa ta malamai ce. Na kawo ta ne don a ga al'ummar Musulmi na iya zama su tsara abin yadda ya dace da su. Malamanmu kuma sun fi ni sanin ruwayar tseren da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha. Motsa jiki ga mace ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Yanayin da za a yi shi ne abin dubawa.

Ba mu ne farkon masu ɗari-ɗari da abin ba. Hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata filayen ƙungiyoyinta daga 1921, ba ta janye ba sai bayan kusan shekara 50. Brazil ta haramta shi da doka daga 1941 zuwa 1979.

A gidajenmu ma yarinya ba a zaune take tashi ba. Tana gaɗa a dandali, tana 'yar gala-gala, tana tsallen igiya, tana ɗauko ruwa daga nesa. A makarantun kwana na 'yan mata ana gasar gidaje, mata zalla, ana gudu ana tsalle, iyaye na zuwa su tafa. Tana shiga babbar makaranta sai komai ya tsaya cak: aji, ɗakin kwana, waya. Hukumar lafiya ta duniya na ba da shawarar baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. A je asibitocinmu ranar masu hawan jini da ciwon suga a ga su wa suka cika benci. Iyayenmu mata ne da yayyenmu.

Akwai kuma maganar haƙƙi. A yawancin manyan makarantun ƙasar nan, cikin kuɗin rajista akwai kuɗin wasanni, kuma ba a rage wa ɗaliba ko kwabo don ita mace ce. Uban da ya sayar da buhun gero ko tunkiya ya biya wa 'yarsa, ya biya har da wannan. In an sayi ƙwallo da riguna da kuɗin, an gyara fili, maza kaɗai ke mora, to an karɓi kuɗin yarinya an yi wa wani hidima. Wannan ko ba a son ƙwallo abin gyarawa ne.

Dalilin da ya sa nake wannan magana a Daura, kuma yanzu, shi ne makarantunmu sabbi ne. Foliteknik ta tarayya an kafa ta a 2019. Jami'ar Sufuri ta tarayya a Disambar 2019 aka aza harsashinta, ɗalibanta na farko ba su daɗe da shiga ba. Ga Kwalejin Yusuf Bala Usman da ta riga su. Har yanzu ana yanka filaye, ana zana inda gini zai zauna, ana kafa al'adun da za a gada. Abin da aka saka a tsari yau zai zauna, abin da aka bari sai an sha fama kafin a cusa shi bayan shekara 20.

Ga abin da nake roƙon shugabannin makarantun nan uku. A keɓe fili guda kusa da ɗakunan kwanan mata, a kewaye shi da katanga, ya zama nasu. Mai horarwa mace, alƙaliyar wasa mace, mai ba da agajin gaggawa mace, 'yan kallo mata. Masu wannan ilimi muna da su, kwalejojin ilimi da jami'o'in Zariya da Kano suna yaye mata a fannin motsa jiki da lafiya, da yawansu na zaune ba aiki. Makarantar da matanta ba su kai su fitar da 11 ba, a fara da biyar-biyar a ƙaramin fili. Kowace yarinya ta kawo yardar mahaifinta ko mijinta a rubuce, kuma wadda ta faɗi jarrabawa ta ajiye takalmi sai ta gyara. Makarantu uku a gari ɗaya, babu kwana a hanya, babu kuɗin masauki. In kowace ta kara da 'yar uwarta sau huɗu, wasa 8 ke nan ga kowace ƙungiya, ya isa a kira shi kaka. A sa shi a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da hantsin Asabar, a kauce wa azumi da makon jarrabawa.

In an yi shekara biyu haka iyaye sun gani da idonsu, sai a buɗe ƙofa. Katsina kusan kilomita 80 ce daga nan, a je a dawo kafin magariba. Can akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Al-Qalam, da Foliteknik ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ga foliteknik ta Hussaini Adamu a Kazaure, kan hanyarmu ta Kano. Ƙungiya 8 ke nan, gida da waje wasa 14, huɗun farko su shiga sili ɗaya ƙwale. Sannan ranar da za a kai 'ya'yanmu gasar ƙasa, za su je da wasanni a ƙafarsu.

Fada ma tana da rawar takawa. A ƙasar nan abin da Mai Martaba Sarki Alhaji Umar Faruk Umar ya sa wa albarka, iyaye kan saki jiki da shi. Daura na da sarautar Magajiya tun zamanin da mata ke mulkin garin. Da za a sa kofin a ƙarƙashin kulawarta, ita da manyan matan gari su zauna a rumfa ranar wasan ƙarshe, babu uwar da za ta ji tsoron turo 'yarta. A gayyaci malamai tun wajen rubuta ƙa'idoji, su faɗi iyakar da suke so a kiyaye, a rubuta ta a kiyaye ta.

Ku kuma ɗalibai mata da ke saurare a ɗakunan kwana, ƙannena, kada ku jira a kawo maku. Ku haɗu ku 15, ku rubuta sunayenku, ku kai wa shugaban sashen harkokin ɗalibai takarda cikin ladabi, ku nemi ƙwallo biyu da awa biyu a mako da malama guda da za ta tsaya maku. Ku tambayi nawa aka tara na wasanni a zangon nan, da nawa aka ware wa mata. Ku ajiye kwafin takardar, in zango ya ƙare ba amsa, ku sake kai wata.